Sabuwar Tashar Oshodi a Legas: Tambayoyi da Amsoshi Ga Mai Bi Kullum da Baƙon da Ya Sauko Daga Arewa

Da wuya mako ya wuce ba a kira ni daga gida ba. Wani ɗan ci-rani ne mai shirin shigowa, wani ɗan kasuwa ne zai zo saro kaya, wata kuma jirgi za ta hau ko ɗanta za ta duba. Duk inda hirar ta zaga sai ta dawo kan Oshodi. A Agege nake zaune, shagon da nake tsaro kuma yana kasuwar Balogun a tsibirin Legas, don haka safe da yamma ta nan nake ratsawa, tun kafin a kafa tubalin sabuwar tashar. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsoshin da nake bayarwa.

Malam, wai mece ce wannan tashar da ake ta magana a kanta?

Manyan gine-gine ne guda uku masu hawa, an haɗe su da doguwar gadar masu tafiya da ƙafa, yadda mutum zai tashi daga wannan ya shiga wancan ba tare da ya taka kwalta ba. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya buɗe ta a watan Afrilun 2019, a ƙarshen mulkin Gwamna Akinwunmi Ambode. Gini na ɗaya an keɓe shi ga motocin da ke fita zuwa wasu jihohi, na biyu da na uku kuma na zirga-zirgar cikin gari ne. A ciki akwai kujerun jira, wurin sayen tikiti da zuba kuɗi a kati, da banɗaki.

Wurin da aka zaɓa ma yana da dalili. A Oshodi ne titin Agege ya gitta babbar hanyar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Apapa zuwa Oworonshoki. Daga nan hanyar filin jirgin sama na Murtala Muhammed take ballewa, layin dogo kuma ta tsakiyar wurin ya ratsa. Mai zuwa Ikeja, mai zuwa Mile 2, mai zuwa tsibiri, mai komawa Abule Egba, kusan kowa sai ya sauka a nan ya canja mota. Sunan unguwar kuwa na wani jarumin yaƙi ne na zamanin Sarkin Legas Kosoko, Oshodi Tapa. Tapa ita ce kalmar da Yarabawa ke kiran Nufawa da ita.

Ana cewa da wurin abin tsoro ne. Da gaske ne ko ƙari ake yi?

Babu ƙari. Na ga lokacin da masu tumatir da gwanjo da kifi suke baza kaya a kan layin dogo kansa. Jirgi na yin hon daga nesa sai ka ga kowa ya suri tirensa ya ja da baya taku biyu, jirgin ya wuce yana kusan goge musu zane, kafin ƙurarsa ta lafa an sake shimfiɗa kayan. Manyan motocin molue masu launin rawaya suna tsaye a tsakiyar titi suna lodi, yaran mota na rataye a ƙofa suna ihu, 'yan agbero, wato 'yan kamasho, na dukan jikin mota suna karɓar kuɗi. Tafiyar da ba ta fi jifa biyu ba sai ta ci maka rabin awa. A ƙarƙashin gadar nan aka taɓa yanke mini aljihun riga, ban sani ba sai da na zo biyan kuɗin mota hannuna ya fita ta ƙasa.

A farkon 2009 gwamnatin Babatunde Fashola ta kwashe masu kasuwanci daga kan titi da layin dogo. A watan Janairun 2016 aka rushe kasuwar Owonifari, daga baya aka shiga ginin tashar. Ina jin daɗin wurin yadda yake yanzu, kuma ba zan so a koma gidan jiya ba. Amma duk lokacin da na hau gadar nan nakan tuna akwai mutanen da a nan suke cin abinci shekara da shekaru, aka wayi gari babu rumfarsu. Wasu sun samu wani wurin, wasu daga nan jarinsu ya karye.

Na taso daga Kano da mota. A cikin tashar za a sauke ni?

Mafi yawan lokuta a'a, kuma wannan shi ne kuskuren da baƙi suka fi yi. Motocin Arewa, daga manyan da muke kira Makopolo har zuwa Homa, suna da tashoshinsu na asali, irin su Iddo da Agege da Mile 12. Ko ta Jebba da Ilori kuka biyo, ko ta Lakwaja da Okene, sai kun haɗe a Ibadan, ku kamo babbar hanya, ku wuce kasuwar shanu ta Kara, ku shigo ta Berger. Daga nan kowane direba sai ya nufi tasharsu. Saboda haka tun a wurin sayen tikiti ka tambaya ina ne ƙarshen tafiyar, ka kuma faɗa wa mai masaukinka tun kuna hanya.

Oshodi a wurinka wurin canjin mota ne. Ka sauka a Berger ko Iddo, ka shiga motar gari ta kawo ka nan, daga nan ka kama ta unguwar da za ka. Mai fita zuwa wata jiha daga ginin farko kuma ya je tun da jiya ya tabbatar akwai motar garin da zai je. Kada ka ɗauko iyali da kaya da asuba bisa zaton cewa duk inda ake zuwa a Najeriya ana lodinsa a can.

Na ji yaran mota suna kiran “Oshodi Oke”, wasu kuma “Oshodi Isale”. Wurare biyu ne?

Wuri ɗaya ne mai sama da ƙasa. Oke da Yarabanci sama ke nan, wato kan gadar babbar hanya. Isale kuma ƙasa, wato gefen titin Agege da layin dogo. Idan mai tarbarka ya ce yana Oshodi, tambaye shi oke ko isale, in ba haka ba za ku yi awa guda kuna waya, kowa na rantsuwa yana wurin. Mafi sauƙi ku yi alƙawari a ƙofar ɗaya daga cikin gine-ginen uku, ku faɗi lambarsa.

Ka riƙe kalmomi biyu kuma. In yaron mota ya ce “wole”, shiga yake nufi. In ka iso inda za ka sauka a danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya mai launin rawaya, ka ɗaga murya ka ce “o wa”. Wanda ya yi shiru don kunya sai an wuce da shi tasha biyu.

Mene ne katin da ake cewa sai da shi ake shiga mota?

Sunansa Cowry, wato wuri, irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi. Kalmar kuɗi ma ai jam'in wuri ce. Kati ne kamar na banki, kana sayensa a tasha, ka ba da kuɗi a zuba maka, in za ka shiga mota ka ɗora shi a kan na'urar da ke bakin ƙofa ta cire kuɗin tafiya. Yana aiki a manyan bas da ke ƙarƙashin LAMATA, hukumar sufuri ta jihar Legas, da jiragen ƙasa na cikin gari, da jiragen ruwa na gwamnatin jiha. A wasu hanyoyin ana sake ɗora shi lokacin sauka don a lissafa daidai nisan da ka yi, to ka dubi abin da na gabanka ya yi.

Amfaninsa babba a wurina shi ne ya kashe rigimar canji. A danfo yaron mota yakan haɗa mutum uku da takardar kuɗi ɗaya ya ce ku je ku raba, ku tsaya a bakin titi kuna neman mai ruwan leda ya fasa muku. Da kati babu wannan, babu kuma wanda zai ji Hausa a bakinka ya ƙara maka farashi. Shawarata ita ce ka zuba kuɗi da yamma lokacin dawowa, domin da safe layin zuba kuɗi daban ne, layin shiga mota daban, kuma kafin ka gama na farko na biyu ya ninka.

Farashi kuwa kada ka riƙe wanda wani ya faɗa maka bara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota bai zauna wuri ɗaya ba. A watan Agustan shekarar gwamnatin jiha ta rage rabin kuɗin motocinta na wani lokaci, daga baya rangwamen ya ƙare.

To tashar ta magance gosulo ke nan?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin a nan mutane suke yaudarar kansu. Gini ba ya rage yawan motocin da ke kan titi. Abin da tashar ta yi shi ne ta ɗauke lodi daga tsakiyar hanya ta mayar da shi cikin fili, ta sa mutane a layi, ta sa mutum ya san inda motarsa take tsayawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma da zarar bas ta fita daga ƙofa, ta shiga Legas ɗin da kowa ya sani.

Sai dai a hanyar da aka ware wa bas layinta. Ta Oshodi zuwa Abule Egba, wadda Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya buɗe a watan Agustan 2020, tana da nata layin a tsakiyar titi, an katange shi, tsawonsa ya kusa kilomita 14. Tana bi ta Bolade, Shogunle, Ikeja Along, Ile Zik, Mangoro, Dopemu, Iyana Ipaja da Ile Epo. Da yamma kana zaune a ciki za ka ga motocin gida da danfo sun yi cirko-cirko a gefe kamar an dasa su, ku kuwa kuna wucewa. A wannan hanyar lokacinka a layin jira yake tafiya. Bas ɗin na da sauri, amma masu jiranta sun fi kujerunta yawa, musamman daga ƙarfe biyar na yamma zuwa bayan isha'i.

Hanyar tsibiri kuwa wani labari ne. Motar Obalende ta Oworonshoki take bi ta hau gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, kuma a kan gadar babu wanda ya fi wani. Mota ɗaya ta lalace a tsakiya, kowa ya zauna. Haka hanyar Mile 2 da Apapa, inda tankoki da tireloli masu shiga tashar jiragen ruwa suke da nasu lokacin.

Ni dai abin da na koya shi ne minti goma sha biyar na asuba ya fi awa guda na hantsi daraja. In na idar da sallah na fito nan take, nakan tarar da layi gajere, fitilun tashar na kunne, masu shara na aiki, ma'aikatan banki da 'yan makaranta na tsaye shiru kowa da jakarsa a ƙirji. In na tsaya shan shayi, to layin ya nannaɗe ya sauko matakala. Litinin da safe da Juma'a da yamma sun fi kowane lokaci tsanani. Ranar da aka yi ruwan sama kuwa, duk lissafin da ka yi ka ninka shi.

In haka ne, ba gara na shiga danfo ba?

Wani lokacin gara ɗin. Danfo ba ta da layi, tana cika da wuri, tana shiga lungunan da babbar bas ba ta zuwa, kuma direbanta ya san duk wata ɓarauniyar hanya. Sai dai farashinta yana bin hadari da yawan jama'a, kujerarta katako ce ko ƙarfe, kuma direba na iya juyawa a rabin hanya ya ce kowa ya sauka. In ina sauri kuma hannuna babu kaya nakan shige ta. In ina tare da iyali ko baƙo, layi muke bi.

Jirgin ƙasa fa?

Shi ne babban sauyin da aka samu bayan tashar kanta. Jan layi, wato Red Line, ya taso daga Agbado a jihar Ogun zuwa Oyingbo, kilomita 27, yana tsayawa a Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da shi a ƙarshen Fabrairun 2024, ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na shekarar. Ga mu mutanen Agege wannan alheri ne, kuma tsohuwar hanyar dogon nan ce da ta isa Kano a 1911, wadda fatake suka yi ta bi da goro, har zangon Hausawa na Agege ya bunƙasa.

Jirgi ba ruwansa da gosulo, amma yana da lokacin tashi, ba ya jiran kowa. Ka san jadawalinsa, ka iso da wuri, katinka da kuɗi a ciki. Shuɗin layi kuma, mai zuwa Marina daga Mile 2, wanda ya fara aiki a Satumban 2023, bai biyo ta Oshodi ba, sai ka shiga mota zuwa Mile 2 tukuna.

Ina so in kama haya a Sango Ota ko Agbado saboda arha, in riƙa shigowa aiki. Zai yiwu?

Dubban mutane haka suke yi, suna kwana a Ogun suna wuni a Legas. Amma ɗan'uwa ka yi lissafi da alƙalami kafin ka biya kuɗin shekara. Daga Sango sai ka shiga mota zuwa Abule Egba, ka bi layin bas zuwa Oshodi, ka sake wata zuwa wurin aiki, da yamma ka maimaita. Hawa shida ke nan a rana. Tara kuɗinsu na wata, ka haɗa da hayar, sannan ka kwatanta da ɗaki a Agege ko Mushin. Ka sa barcinka a cikin lissafin, da kuma yaran da za ka fita suna barci ka dawo suna barci. Wanda zai zauna kusa da tashar jirgi ta Agbado ya fi samun sauƙi.

Zan iya shiga da buhunan kaya?

Jakar hannu da ƙaramin akwati babu matsala. Buhun albasa, dilar atamfa, kaji ko akuya kuwa ba na babbar bas ba ne, kuma ba a talla ko wa'azi a cikinta. Mai kaya da yawa ya ɗauki shatar mota, ko ya biya kuɗin kujera biyu a danfo. In za ka ba ɗan dako ko mai baro kaya, ku gama ciniki kafin ya ɗauka, kuma ka bi shi ƙafa da ƙafa.

Yaya batun tsaro?

Cikin gine-ginen akwai haske da ma'aikata, hankali ya fi kwanciya. Hatsarin yana waje, a bakin ƙofa da ƙarƙashin gada da wurin turereniyar shiga danfo. Jaka a gaba, waya a aljihun gaba, kada ka tsaya ƙirga kuɗi a fili. Abu mafi muni shi ne motar da ake kira wan cans: ɓarayi ne suke zama kamar fasinjoji, a bar kujera ɗaya, in ka shiga a yi gaba da kai a ƙwace waya da katin banki. Sun fi aiki da duku-duku da dare, kuma a bakin titi suke ɗauka. Duk gajiyar da ka yi, ka shiga mota a inda ake lodi.

Kada kuma ka tsallaka babbar hanya da ƙafa alhali ga gada. Laifi ne a Legas, ana kamawa, ana kai mutum kotun tafi-da-gidanka. Ko babu kamu, motocin da ke saukowa daga gadar ba sa rage gudu.

Ka rubuta lambar mai masaukinka a takarda. Wata safiya na tarar da wani dattijo zaune a kan jakarsa a gindin matakala, da ledar kilishi da ƙullin daddawa na tsaraba a gefensa, wayarsa ta mutu tun a Ibadan, lambar ɗansa kuma tana ciki. Ya ji ina waya da Hausa ya riƙo hannun rigata. Na ce, “Baba, daga ina?” Ya ce daga wajen Gumel. Sai da muka nemo mai cajin waya, muka zauna ta ɗauki wuta, sannan muka samu yaron, ashe yana Mile 12 yana jiran sa tun asuba.

Akwai acaɓa da zai ƙarasa da ni gida?

A hukumance babu. A watan Yunin 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, a watan Satumba aka ƙara huɗu, har da Oshodi-Isolo da Mushin. Dokar tana hawa kan direba da fasinja duka, babur ɗin da aka kama kuma ba kasafai yake dawowa ba. Wannan ya taɓa 'yan'uwanmu sosai, domin da yawa daga cikin masu sana'ar 'yan Arewa ne. Duk mai shirin sayar da gona ko akuya ya sayi babur ya taho Legas, don Allah ya tsaya ya yi tambaya tukuna. Don ƙarasawa cikin unguwa akwai Keke Marwa, wato adaidaita sahu, da ƙananan bas da ake kira korope.

Hajiya ce za ta zo da tsohuwa da yara. Me za su kula da shi?

Tafiyar ƙafa. Tsakanin gine-ginen akwai nisa, akwai hawa da sauka, kuma mai ciwon gwiwa zai ji a jikinsa. Su san ginin da za su tun kafin su sauka daga mota, su zo tsakanin hantsi da azahar lokacin da jama'a suka ragu, kowane yaro a riƙe hannunsa. In kun isa layi ku yi wa ma'aikaci magana cewa akwai tsohuwa, sau da yawa ana duba irin wannan. Mai zuwa filin jirgin sama da kaya kuwa gara ta ɗauki shata tun daga masauki.

A ina zan yi sallah in lokaci ya kama ni?

Oshodi unguwa ce mai Musulmi da yawa, akwai masallatai a cikin kasuwa da layukan da ke kewaye, duk wanda ka tambaya zai nuna maka. Matsalar tana kan magariba, domin lokacinta gajere ne kuma daidai tsananin cunkoso take faɗowa. In na iso Oshodi rana ta yi ja, ba na shiga layi, nakan tsaya in yi sallah tukuna, domin in bas ta tashi babu sauka sai tasha. Da azumi kuma dabino da ruwa ba sa barin jakata. Sau da yawa a cikin mota muke buɗa-baki a wajen Ile Zik, ana miƙa ledar dabinon daga kujera zuwa kujera har ta ƙare.